Kwana biyar a Amstardam: ɗan kasuwar Maraɗi da uwargidansa a ƙasar atamfa

Masu iya magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wannan karin magana ita ce ta fara fitowa daga bakin wata Hajiya ta birnin Maraɗi, ranar da maigidanta ya shigo gida da takarda a hannu yana murmushi, ya shaida mata cewa kampanin da yake ɗaukar kaya wurinsa ya zaɓe shi cikin dillalan da suka fi kowa ciniki a shekara ta 2022. Tukuicin kuwa shi ne tafiya ta kwana biyar zuwa Amstardam, babban birnin ƙasar Holan, shi da matarsa, kuɗin jirgi da otel da ci da sha duk bisa wuyan kampani.

Alhajin nan ɗan kasuwar atamfa ne, ya fi shekara ashirin cikin sana'ar. Kayansa na sauka tashar jiragen ruwa ta Kotonu, su hau kamyo su shigo ta Gaya har Maraɗi. Daga nan rabi ya watsu kasuwannin jiha, rabi ya bi ta Ɗan Isa ya shiga Jibiya da Katsina har Kano. Sunansa ne bisa takardun duwan da na banki. To amma duk wanda ya san gidan ya san Hajiya ce idon sana'ar. Ita ke zaɓen zane, ita ta san launin da matan Gobir ke so da wanda ba ya fita sai a Damagaram, kuma hannunta littafin bashin mata masu haɗa lefe yake. Abin da ya dame ta shi ne lokacin tafiyar: tsakiyar watan Yuni na 2023, saura mako biyu sallar layya, lokacin da mai saida tufafi ba ya son yin nisa da shagonsa ko da na yini guda. Suka dai bar wa babban ɗansu makullai, bayan an sha jeka-ka-dawo Yamai wajen neman biza.

Sun tashi daga Yamai da dare, suka sauya jirgi a Kazablanka, suka iso sararin Holan ranar Talata. Hajiya da ke zaune bakin taga ta leƙa ƙasa, ta ga ruwa ya ratsa gonaki ko'ina, layi-layi kamar an ja da zare, sai ta taɓa maigidanta ta ce: «Alhaji, mutanen nan ambaliya ta same su.»

Ba ambaliya ba ce, haka ƙasar take. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na Holan yana ƙasa da matsayin ruwan teku, madatsu da injunan tsotsar ruwa ne ke riƙe da shi dare da rana. Filin jirgin Schiphol da suka sauka a da tafki ne, sai cikin 1852 aka gama janye ruwansa, kuma har yau jiragen na sauka fiye da metir 3 ƙasa da bakin teku. Cikin 1953 teku ya fasa madatsun kudu maso yamma cikin dare, mutum fiye da 1.800 suka hallaka, daga nan gomnati ta shiga aikin ƙarfafa gaɓa wanda ya ɗauki shekaru sama da arba'in. Mutumin Maraɗi da ya saba ɗaga kai sama duk watan Yuni yana jiran hadari, wanda gulbinsa ba ya gudu sai da damina, da wuya ya gane cewa akwai al'ummar da babban aikinta shekara ɗaruruwa shi ne korar ruwa. Wani abin mamakin kuma, faɗin ƙasar gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilometir 42.000 ba, wato kusan daidai da jihar Maraɗi ita kaɗai, alhali mutum wajen miliyon 18 ke zaune ciki, suna noma har su saida wa duniya.

Jirgin ƙasa ya kai su tsakiyar birni cikin ƙasa da minti ashirin. Nan ne Alhaji ya fara karɓar darasi. Ya fito daga babbar tasha da babbar rigarsa ta shadda yana tafiya cikin natsuwa bisa wani gefen hanya mai jan daɓe, sai ya ji ƙararrawa na kaɗawa ta baya kamar an saki garken awaki. Jan daɓen nan hanyar kekuna ce, kuma mai keke a Amstardam ba ya tsaya wa kowa. Tsoho da tsohuwa, alƙali da ɗan makaranta, uwa da yara biyu cikin akwati a gaban kekenta, kowa tuƙi yake. Cikin watan Janairu na shekarar, an buɗe wurin ajiyar kekuna 7.000 a ƙarƙashin ruwa daidai gaban tashar, don wuri ya ƙare a sama. Mark Rutte, wanda yake firaminista a lokacin, an sha ɗaukar hotonsa bisa keke za shi ofis a birnin La Haye, inda gomnati da majalisa suke zaune, domin Amstardam babban birni ne bisa tsarin mulki amma ba nan ministoci ke aiki ba. Ma'aikacin da ke ganin darakta bai cika darakta ba sai da motar gomnati da direba mai buɗe masa ƙofa, yana iya tsayawa kan wannan ya yi ɗan tunani.

Darasi na biyu na kuɗi ne. Alhaji ya zo da Yuro cike da aljihu, manyan takardu, irin yadda ɗan kasuwa ke fita. Mai jirgin cikin gari ya ce ba ya karɓar tsabar kuɗi, mai shagon shayi ya dubi takardar Yuro 200 kamar an miƙa masa maciji. Komi sai da kartin banki. Da aka samu aka biya, Alhaji ya yi lissafi bisa Yuro guda sefa 656, ya tarar kofin shayi ɗaya ya ci masa fiye da jika biyu, shayin ma ruwan zafi ne da ɗan ƙunshin ganye a gefe, ka haɗa da kanka. Tun daga nan Hajiya ta hana shi lissafi a gaban mutane.

Sai maganar salla. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa a Amstardam sai bayan ƙarfe goma na dare, ta kuma fito da biyar da ƴan mintoci. Daren farko sun zauna cikin ɗakin otel suna jiran magariba, barci na fizgarsu, rana kuwa na bisa rufin gidaje ba ta da niyyar sauka. Lisha ta kai su kusan tsakar dare, kafin su yi juyi biyu asuba ta yi. Hajiya ta ce ita tausayin masu azumi a garin nan take ji, in Ramadan ya faɗo cikin irin wannan wata.

Ranar Laraba aka haɗa su da sauran dillalan, daga Kotonu da Lome da Abijan da Wagadugu, aka sa su cikin wani jirgin ruwa mai rufin gilashi, da wata yarinya mai jin Faransanci tana yi masu bayani. Birnin ya samo sunansa daga madatsar da masunta suka yi bisa kogin Amstel. Takarda mafi tsufa da ta ambaci sunansa ta shekara ta 1275 ce, kuma abin da ke ciki ya sa duk ƴan kasuwar da ke jirgin suka gyara zama: sarkin yankin na lokacin, Floris na biyar, ya yafe wa mutanen madatsar kuɗin fito a duk faɗin ƙasarsa. Wato birnin nan da rangwamen haraji ya fara. Alhaji ya yi shiru yana ƙirga shingayen da kamyonsa ke tsayawa tsakanin Gaya da Maraɗi, yatsun hannu ɗaya suka ƙare bai gama ba.

Manyan magudanan ruwa uku da suka kewaye tsohon gari kamar rabin zobe an fara haƙa su ne cikin 1613, lokacin da dukiya ta yi wa birnin yawa har wuri ya yi masa kaɗan. UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2010, shekara uku kafin tsohon garin Agadas. Gadoji sun fi dubu. Ƙasar wurin taɓo ce, saboda haka kowane gini bisa turakun itace yake tsaye, waɗanda aka kafa har suka tarar da yashi mai ƙarfi; fadar sarki da ke dandalin Dam, wadda aka fara ginawa a 1648 a matsayin gidan magajin gari, tana bisa turaku 13.659. Gidajen bakin ruwa sirara ne, dogaye, sun ɗan sunkuyo gaba, kowane da ƙugiya a ƙololuwarsa. Yarinyar ta tambaya ko akwai wanda ya san amfanin ƙugiyar. Alhaji bai jira an fassara masa ƙarshen tambayar ba ya ce ta jan kaya ce. Ya gane tsarin tun kallon farko: shago a ƙasa, iyali a tsakiya, sito a sama, kwalekwale ya tsaya ƙofar gida a ja buhuna da igiya. Ba gidajen sarakuna ba ne, gidajen fatake ne, kuma wannan ya sa ya ji garin ya fara shiga ransa.

Dukiyar daga ina ta zo? Cikin 1602 fataken Holan suka haɗa jarinsu suka kafa kampani guda na cinikin gabas, suka saida hannun jari ga duk mai so, har baran gida yana iya sayen nasa, ya kuma saida wa wani in ya buƙaci kuɗi. Daga nan kasuwar hannun jari irin ta zamani ta samo tushe. Jiragensu na zuwa tsibiran da a yau ake kira Indunusiya su kwaso masoro da kanumfari da kirfa da gyaɗar ƙamshi. To amma kampanin nan yana da sojojinsa da igwoyinsa. Cikin 1621 ya kusan ƙarar da mutanen tsibiran Banda don kada su saida gyaɗar ƙamshi ga kowa sai shi. Ɗan'uwansa na yamma kuwa ya ƙwace gidan kurkukun Elmina, a gaɓar Gana ta yau, cikin 1637, kuma jiragen Holan sun ƙetarar da ƴan Afirka wajen 600.000 zuwa bauta, wadda ba a soke ba a ƙasashen da suke mulka sai 1863. Yarinyar ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Ta ce firaminista ya nemi gafara da sunan gomnati cikin Disamba na 2022. Sarki Willem-Alexander shi ma ya yi hakan ranar 1 ga Yuli 2023, mako biyu bayan wannan tafiya. Jirgin ya yi tsit na ɗan lokaci. Gidajen dai ba su rage kyau ba, amma wani dattijo daga Kotonu ya ajiye abin ɗaukar hotonsa bisa cinya bai sake ɗagawa ba har aka sauka.

Ita kuwa Hajiya wani abu dabam take nema. Tun daga filin jirgi take duban jikin mata. Shekara ashirin tana gaya wa masu saye cewa wannan ƴar Holan ce ta gaske, ta ɗauka in ta zo Holan za ta ga garin ya cika da atamfa, ta ga sababbin zane tun ba su iso Afirka ba. Kwana biyu ba ta ga ko ɗankwali ba. Matan garin wando da riga baƙa ko ruwan toka suke sawa. Da ta gaji ta sa aka tambayar mata yarinyar, sai aka ce ai mutanen Holan da yawa ba su ma san ana yin wannan yadi a ƙasarsu ba.

Tarihin abin yana da ban dariya. Mutanen tsibirin Jawa ne ke da sana'ar zana yadi da kakin zuma kafin a rina shi. Cikin ƙarni na 19 masu masaƙun Holan suka so su kwaikwayi aikin da inji don su saida wa Jawawa da araha. Injin ya riƙa barin tsage-tsage da ɗige-ɗige inda ƙaron ya fashe rini ya shiga, Jawawa suka ga aibi ne suka ƙi saye. Wajen ƙarshen ƙarnin aka gwada kayan a gaɓar Gana, matan can suka ga tsagen nan shi ne adon. Masana'antar Vlisco da ke garin Helmond, can kudancin ƙasar, wadda aka kafa tun 1846, har yau tana buga shi, kuma kusan duk abin da ta buga Afirka yake zuwa. Atamfar da ake fahariya da ita cikin lefe, ashe ita ma da kwaikwayo ta fara. Da aka gaya wa Hajiya haka, ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafi.

Ranar Alhamis aka kai su babban gidan tarihi na ƙasa, Rijksmuseum. Alhaji ba mai sha'awar hotunan mutanen da suka daɗe da mutuwa ba ne, ya bi ayari don kada a ce ya ƙi. Jama'a sun yi cincirindo gaban wani ƙaton zane na Rembrandt na 1642, mai nuna ƴan sintirin gari, wanda aka killace da gilashi ana bincikensa. Hajiya ba ta tsaya nan ba. Wani zanen ne na kusa ya riƙe ta, shi ma na Rembrandt, na 1662: maza biyar da baƙaƙen tufafi da huluna masu faɗi, zaune bakin tebur da littafi a buɗe, baransu na tsaye a baya, dukansu sun ɗago kai kamar wani ya shigo masu ba sallama. Aka ce mata masu duba yadi ne. Birni ke naɗa su na shekara guda, sau uku a mako suna zama, a kawo masu rinannen yadi su gwada shi da samfur, su manna masa hatimin dalma: hatimi huɗu ga mafi kyau, ɗaya ga na ƙarshe. Mai saye a kowace ƙasa, in ya ga dalmar, ya san abin da ya saya.

Hajiya ta daɗe tsaye. Ta ce wa maigidanta: «Dubi idon na gefen nan, Alhaji. Wannan ko a mafarki ba ka saida masa jabu.» Da za su fita ta sayi ɗan ƙaramin hoton zanen a shagon ƙofa, shi ne abu na farko da ta saya a Turai. Shi kuwa Alhaji abin da ya riƙe daga gidan shi ne labarin mai zanen: mutum ne da ya yi suna ya samu kuɗi, ya sayi babban gida da bashi, ya cika shi da kayan alatu, cikin 1656 aka yi masa ƙididdigar karyewa, aka yi gwanjon kayansa da gidan, ya mutu a 1669 cikin gidan haya, aka binne shi a kabarin da ba suna. Alhaji ya ce irin wannan ya san su da yawa, ba sai an zo Turai ba.

Da la'asar suka shiga kasuwar Albert Cuyp, wadda ke ci tun 1905, rumfuna wajen 260 jere bisa titi guda. Nan Alhaji ya ji ya dawo gida, sai dai kasuwa ce marar taye: kuɗi a rubuce, ka biya ko ka wuce, ba albarka ba sallamawa. Ya gwada tayawa sau ɗaya, mai rumfar ya yi masa murmushi irin wanda ake yi wa yaro. Sun ga cuku mai girman tayar mota, rawaya, wanda ba ya kama da na Abzinawa sai a suna. Sun ga ɗanyen kifi ana ci da yankakkiyar albasa a tsaye, Hajiya ta kau da kai. Amma albasar ta tsayar da Alhaji, don ya san ta. Ita ce mai ruwan ɗorawar nan da ke cika kasuwannin Dakar da Abijan cikin jajayen buhuna. Holan na cikin manyan masu fitar da albasa a duniya, fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da take nomawa waje yake zuwa, kuma Afirka ta yamma na cikin manyan masu saye. Ita ce kishiyar albasar Galmi. Ba ta kai ta Galmi yaji da ƙamshi ba, kowace mai girki ta shaida, amma an tace ta girma ɗaya, an busar da ita, tana da ɗakunan ajiya masu iska da ke riƙe ta wata da watanni, alhali manomin Adar na kallon tasa tana ruɓewa cikin rudu ko bisa kamyon da ya kwana uku a shinge.

Juma'a suka yi ta a masallacin Fatih, bisa titin Rozengracht, wanda a da coci ne mai hasumiya biyu, Turkawa suka maida shi masallaci cikin 1981. Titin nan ne Rembrandt ya ƙare kwanakinsa. Huɗuba da Turkanci aka yi, amma sahu sahu ne. Da suka fito Alhaji ya hangi wani shago da aka rubuta sunan kafe bisa ƙofarsa, ya nufi ciki, sai wani Bamaroke da suka yi salla tare ya riƙo hannun rigarsa. Irin waɗannan shaguna ba kafe ne abin cinikinsu ba, tabar wiwi ce, hukuma na sane kuma ta kau da kai. Akwai wata unguwa ma ta tsohon gari da Bamaroken ya ba su shawara kada su bi da dare, bai yi dogon bayani ba, su ma ba su nema ba.

Daren nan zomo ya iso kasuwa. Kampani ya shirya liyafa, aka kira kowane dillali aka ba shi takardar yabo cikin gilashi, aka tafa. Bayan an ci abinci daraktan ciniki ya ja Alhaji gefe ya ajiye masa takarda: za a ba shi wakilcin jihohin Maraɗi da Tawa shi kaɗai, ba wanda zai ɗauki kayan kampani a can sai ta hannunsa, bisa sharaɗin ya ninka odarsa ta shekara, ya kuma biya kashi ɗaya cikin uku tun kafin kaya su hau ruwa. Ana son amsa kafin Lahadi. Alhaji ya koma otel ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Abin da ya daɗe yana nema ke nan, kuma ya san wanda za a ba in shi ya ƙi.

Hajiya ba ta ce komi ba. Da safe ranar Asabar, wadda aka bar wa kowa ya yi yawonsa, ta ce a kai ta unguwar baƙaƙen fata da wata mai gyaran ɗaki ta ba ta labari. Suka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Bijlmer, kudu maso gabas da birni, unguwar dogayen benaye inda mutanen Surinam da na Gana suka fi yawa. Nan ta ga doya da kuɓewa da manja da busasshen kifi, nan kuma, bayan kwana huɗu, ta ga atamfa a jikin mace. Suna tsaye gaban wata rumfa tana yi wa Alhaji magana, sai wata mata ta juyo ta ce: «Sannunku da zuwa, daga ina?» Ƴar zangon Kumasi ce, shekararta goma sha a Holan. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara. Hajiya ta yaba zanen da ke jikinta, ta nemi izini ta kama gefensa, ta murza tsakanin yatsu biyu, ta juya bayansa. Ta gaske gabanta da bayanta ɗaya ne, don ana buga ƙaron ta fuska biyu rini kuma ya ratsa, tsagenta ba ya maimaita kansa. Wannan kuwa bayanta ya kwashe, kuma ɗigo ɗaya ne ke dawowa kowane taku.

«Ƴar'uwa, wannan ai ta Shinuwa ce.»

Matar ta ƙyalƙyale da dariya. Ta ce: «Hajiya, kin kama ni. Daga Kumasi ƙanwata ta aiko min. Ta gasken tana cikin akwati, sai biki. Kuɗin turmi ɗaya nata ya saya min biyar irin wannan, wa zai sa ta ya zo sayen kifi?»

Da yamma suka zauna bisa wani benci bakin ruwa, ƙarfe tara ta wuce rana na nan. Nan Hajiya ta buɗe baki. Ta ce masu lefe da ke ɗaukar turmi goma na Holan shekarun baya, yanzu biyu suke ɗauka su sa a sama, sauran ƙasan akwati na Shinuwa ne. Ta ce littafin bashinta ya yi kauri, ta tuna masa watanni goma sha shida da Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019, yadda kaya suka kwanta a sito banki na ƙirga kwanaki. Ta ce in har a cikin Holan ɗin kanta mace na barin ta gaske a akwati, wa zai saye ninki biyu a Madawa da Dakwaro? Alhaji ya ce suna ma jari ne, kuma wanda ya tsaya a kasuwa an wuce shi. Ta ce: «Gaskiyarka, Alhaji. Amma kuɗin da za a biya tun kaya ba su taso ba, gidan Zariya za ka jinginar ko filin Ali Ɗan Sofo?» Bai amsa ba. Wani jirgin ruwa ya wuce cike da samari suna kiɗa, igiyar ruwansa ta zo ta bugi bango ta koma.

Ranar Lahadi da safe ya samu darakta a zauren otel. Ya yi godiya mai yawa bisa karamcin da aka yi masu, ya ce Tawa a bar wa mutanen Tawa, shi Maraɗi ta ishe shi, zai ƙara kashi ɗaya cikin huɗu bisa odarsa ta bara. Daraktan ya nuna rashin jin daɗi cikin ladabi, aka gyara takarda, aka sa hannu. Sun iso gida saura kwana tara salla, suka tarar ɗansu ya saida kaya da kyau, ya kuma ba da bashi ga mutum uku da uwarsa ba za ta ba ko ƙyalle ba.

Kayan da aka sa wa hannu a Amstardam sun iso Kotonu cikin watan Agusta. Kafin nan sojoji sun karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi ranar 30, gadar Gaya ta rufe. Kwantenar Alhaji ta kwanta bakin teku wata da watanni kuɗin ajiya na hawa, daga baya aka juya da ita Lome, ta bi ta Burkina Faso cikin ayarin kamyo da rakiyar soja, ba ta ga Maraɗi ba sai cikin 2024.

Takardar yabon tana rataye cikin shago, bayan kujerar Alhaji. Ɗan hoton masu duba yadi kuwa Hajiya ta manna shi jikin bango a ɗakin da take baje wa mata kaya, sama da tabarmar da take zama da littafinta. Masu saye kan tambaye ta ko su ne masu kampanin.